Kallon Nusaiba

Tawa, tsakiyar bazara

Zuwa ga taubashina Ɗahiru, sarkin masu suyar kifi na Abijan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duk mutanenmu na Adar da ke can tare da kai. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ka gudu ka bar mu da shi. Na je Barmu satin da ya wuce, na iske mahaifiyarka Gwaggo Dodo da sauƙin ƙafa. Matarka Safiya tana gaishe ka, ta ce in tuna maka damina ta kusa. Na ce mata mutumin da hancinsa ya saba da man kifi, ina zai tuna da hauya?

'Ya'yanka biyu, Mansur da Nusaiba, da ka ajiye mini saboda lakwal, wato makarantar boko, suna nan ƙalau, suna cinye mini hatsi. Labarinsu ne ma ya sa na ɗauki biro, don na san wayarka mai maɓallai ba ta nuna komi sai lambobi, kuma kai ne ka ce magana mai tsawo a takarda kake son ta.

Ɗahiru, ɗiyarka ta yi suna. Ba wasa nake ba.

Ga yadda aka yi. Mansur ya samu wata tsohuwar waya mai hoto, shi da abokinsa Hasan suka fara ɗaukar bidiyo a tsakar gidana. Wata rana Mansur ya ɗaura buhun albasa a ƙugu, ya rataya gwangwanayen tumatir a matsayin layu, wai shi ɗan kokawa ne. Ya yi kirari, ya buga ƙirji, ya ce duk wanda ya isa a Adar ya fito. Ba wanda ya fito sai ragona. Ya ja da baya, ya zo ya ɗauke shi ta baya, ya jefa shi cikin bahon wankina, ƙafafu a sama. Hasan yana dariya har wayar na rawa, sai ya juya ta wurin Nusaiba. Tana zaune bisa turmi da kofin fura a hannu. Ba ta yi dariya ba, ba ta ko ƙifta ido ba. Ta dubi wayar nan shiru, baki a rufe, kamar alƙalin da ya gaji da shari'a.

Shi ke nan fa. Suka sa a intanet, gari ya ɗauka. Suka ƙara wasu: Mansur yana rawa da zanena, Mansur yana koya wa jaki faransanci, kowane a ƙarshe sai a juyo ga Nusaiba, ita kuwa fuskar nan dai. Yanzu an yanko fuskarta ana liƙa ta ƙarƙashin komi. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai ka ga an tura fuskar Nusaiba. In miji ya ce taro ne ya tsare shi, matar ba ta cewa uffan, fuskar Nusaiba take aika masa. An ce har Yamai da Sakkwato yara na kwaikwayo da ƙannensu, amma nasu ba sa jurewa, sai su fashe da dariya a lalata bidiyon. Ran Lahadi a kasuwa mai nama ya gaya mini farashi, na tsaya ina dubansa, sai ya ce, "Haba Hajiya, kar ki yi mini Nusaiba." Bai san a ɗakina take kwana ba.

In ka tambaye ni inda ta samo wagga fuska, ni na sa ta daka da ɗiban ruwa har dariya ta ƙare mata. In kana da ƙarfi ka zo ka ƙwace ta.

Ka gaida Souleyman maƙwabcinka. Ka rage cin barkono.

Taubashiyarka da ta girme ka ko ka ƙi,
Hajara

*

Abijan

Zuwa ga Hajara,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode da zuwa duba Inna. Ni ma lafiya, ruwa ne dai ya dame mu, kullum rumfa na yoyo.

Bidiyon da kike faɗa na gan su tun kafin takardarki ta iso. Ina tsaye ina suya, sai na ji mutane sun taru kan wayar Souleyman suna dariya, har da 'yan garin nan da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ya ce in zo in ga yaran Tawa. Na leƙa. Hajara, rabona da yarinyar nan tun ana goya ta, muryarta kawai na sani a waya, ita ma daga "ina kwana Baba" sai ta miƙa wa uwarta. Amma da hoton ya juyo kanta, tun kafin a faɗi suna, na gane ta. Na ce wannan tawa ce.

Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Na sa Souleyman ya nemo mini sauran duka, na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta yi murmushi ba. Yarinya ƙarama, wanta ya faɗa cikin baho a gabanta, ta zauna kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ranar nan na ƙona kifi har masu saye suka yi mini tsiya.

Sai ga takardarki da maganar daka da ɗiban ruwa. Na san wasan taubasai, ni ma ba na raga miki. Amma na karanta layin nan ya fi a ƙirga, kuma kowane karatu sai fuskarta ta dawo mini. Ban ce kina cutar da ita ba. Wataƙila kewar uwarta ce, wataƙila birni ne bai karɓe ta ba. Abin da na sani shi ne ɗiyata ba ta cikin jin daɗi, kuma duniya ta mai da baƙin cikinta abin dariya, ni ina nan ina juya kifi.

Saboda haka na yanke shawara. Na kira ƙanena Isufu, zai zo ya ɗauke ta ya mai da ita Barmu wurin uwarta. Na san lakwal ta yi wa unguwarmu nisa, ba za ta iya zuwa ba. To, a bar karatun. Na fi son ta zauna ba boko tana dariya. Mansur ya ci gaba da zama wurinki in kin yarda, amma ki gaya masa ya daina ɗaukar ƙanwarsa.

Kar ki ɗauki wannan da zafi. Alherinki a kaina ba zan iya biya ba.

Naki,
Ɗahiru

*

Tawa

Ɗahiru,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gwaggo lafiya, Safiya lafiya.

Motar da ta ɗauko takardarka ta lalace a hanya, don haka Isufu ya riga ta isowa. Ina zaune bakin keken ɗinki ya yi sallama, ko ruwa bai gama sha ba ya ce in haɗa kayan Nusaiba, yayansa ya aiko shi. Na ce wa ya mutu? Ya ce ba kowa. Na ce to me na yi? Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ɗan aike ne. Ka san irin kunyar da na ji a gaban maƙwabta? Sai bayan kwanaki takardar ta zo, na karanta da idona cewa ba ka ce ina cutar da ita ba. Na gode da ba ka ce ba.

Tun muna yara nake zaginka kana zagina. Na taɓa ce maka mai kan tulu a gaban surukanka, ka yi dariya. Yau ne wasana ya zama shaida? Yarinyar da ko taɓarya ban bari ta ɗaga, don hannunta bai kai ba? Ka san Allah bai ba ni ɗiya mace ba. Wagga ita ke kwana bayana, ita ke zare mini zare a allura tunda idona ya fara gardama. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ban ba Isufu ita ba. Na roƙe shi ya bari su gama jarrabawa, in an yi bakans, wato babban hutu, ya dawo. Ya yarda. Ita ba ta san komi ba tukuna, ta ɗauka gaisuwa ya zo. Ban san da bakin da zan gaya mata za a raba ta da lakwal ba, yarinyar da ke karanta mini duk allon shagon da muka wuce, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Kuma bari ka ji, ɗiyarka ta fi kowa dariya a unguwar nan. In ta fara har ƙasa take kwantawa, tsohuwar da ke bayan katangarmu ta sha aiko a ce ta rage. Na san ba za ka yarda da bakina ba tunda waya ka gaskata, sai na ce wa Mansur ya ɗauke ta tana dariya mu aika maka. Mun gwada ya fi sau nawa. Tana tsakiyar ƙyalƙyala, da ta hango an ɗaga waya sai ta miƙe zaune, ta rufe baki, fuskar nan ta sauko. Na yi lallashi, na yi cakulkuli, na yi alkawarin alewa, a banza. Wannan kam ni ma ya ɗaure mini kai.

Mansur ya daina bidiyon kamar yadda ka ce. Ya ajiye buhun albasarsa, yana yawo a gida kamar kazar da ruwa ya doka.

Hajara

*

Tawa, bayan ruwan farko

Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan shirun da ka yi na lafiya ne. Mu lafiya lau, an yi ruwa, mutanen Barmu sun fita shuka. Ban jira amsarka ba, don bakans ta matso kuma abin da na gano ba zai jira ba. Ka nemi wuri ka zauna, ka sauke kaskon daga wuta.

Shekaranjiya da hantsi ina yi wa Nusaiba kitso, kanta bisa cinyata. Ka san yaro ya fi sakin baki in ba a kallon idonsa. Na ce, "Nusaiba, me ya sa in an ɗaga waya kike ɗaure fuska? Mansur ne ya ce ki yi?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Tsoron wayar kike?"

Ta ce, "A'a, Gwaggo. Don Baba ne."

Na tsaya da kitson. Na ce wane irin don Baba?

Ta ce, "Ranar farko Yaya Mansur ya ce mu yi da kyau, bidiyo na zuwa ko'ina, har Abijan, wataƙila Baba ya gani. To ai Baba bai san ni ba. In na yi dariya ba zai gane ni ba."

Na ce, "Wa ya gaya miki haka?"

Ta ce, "Ba kowa. A Barmu in na yi shiru na rufe baki, su Kaka sai su ce, kai, Ɗahiru sak. In ina dariya ba mai cewa. Kuma ai haka Baba yake, na gani a bango."

Ka gane bangon? Hotunanka da ke ɗakin Gwaggo Dodo. Wanda aka faɗaɗa daga katinka na ɗan ƙasa, da waɗanda kake aikowa da salla, kana tsaye kusa da furen roba, hannuwa a miƙe, ƙirji a gaba, fuska kamar an ce maka sojoji na zuwa. Ba laifinka ba ne kai kaɗai, duk mazan Adar haka kuke, da an ce hoto sai ku haɗiye haƙora wai kar a raina ku. Mahaifina ma, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya fi kowa barkwanci, in ka ga hotonsa sai ka rantse bai taɓa jin daɗin duniya ba. To ita yarinyar ba ta san wani Ɗahiru ba sai wancan na bango. Ta zauna ta koyi fuskarsa, take sa ta duk sanda ta ga waya, don ubanta ya tsince ta cikin yaran duniya.

Na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka, sai na yi duka biyu a kan kitson mutane. Ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ya gani kuwa? Ya gane ni?" Na ce ya gani. Sauran amsar na bar maka.

Yanzu sai ka gaya mini ko in haɗa mata kaya. Baƙin cikin da ka gani a fuskar ɗiyarka, mai kan tulu, fuskarka ce.

Hajara

*

Abijan

Zuwa ga yayata Hajara,

Kin ga na rubuta yaya. Ki adana takardar nan, don ba za ki sake gani ba.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Shirun da na yi kunya ce, na fara amsa takardarki ta fushi na yaga, na sake na yaga, sai ga ta biyun. Na bi shawararki na sauke kasko kafin in karanta, kuma gara da na yi.

Ki yafe mini. Na yi miki rashin adalci, na aiko miki Isufu kamar mai karɓar kayan aro. Na kira shi na ce ya zauna ya yi shukarsa. Nusaiba tana nan wurinki har ta gama duk karatun da kanta zai ɗauka. Na kira Safiya ma, ta ce da na tambaye ta tun farko da ta gaya mini yarinyar nan bakinta ba ya rufuwa. Ta ƙara da wasu maganganu da ba sai na rubuta ba.

Sai na ce to, bari in gyara ɓarnar da na yi, in aika wa yarinya hotona ina dariya. Hajara, ashe abin nan aiki ne. Souleyman ya ɗaga waya ya ce in yi dariya. Wallahi ina ji hannuwana suka sauka da kansu, ƙirjina ya fito, bakina ya kulle. Ya ce, "Ɗahiru, ba kati za a yi maka ba." Na buɗe haƙora, ya duba ya ce wannan in yarinya ta gani sai ta yi mafarki. Masu sayen garba, garin rogon da ake ci da kifina, suka taru, kowa da dabararsa. Wani ya yi kukan akuya, wata ta yi mini rawa da faranti a ka. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Wani yaro ya nuna ni ya ce da faransanci, ai ga baban yarinyar nan ta bidiyo. Ko gaya masa ba a yi ba.

Da suka gaji, Souleyman ya ce a bari, ya zauna ya kunna bidiyon ragon nan don kansa. Na leƙa ta kafaɗarsa. A nan na lura da wani abu da ya ƙara ba ni kunya: duk kallon da na yi wa bidiyon nan, Nusaiba nake jira, ban taɓa duban Mansur ba. Ashe ya yi tsawo haka? Ashe kirarin da yake yi nawa ne, wanda nake yi a dandalin Barmu ina saurayi? Wa ya koya masa? Ina cikin wannan tunani rago ya ɗauke shi, ƙafafu a sama, gwangwanaye na ƙara. Dariya ta ƙwace mini har na riƙe ciki, har da hawaye. Ashe wata mai sayen garba tana ɗauka da wayarta.

Souleyman ya karɓa a wurinta ya tura wa Mansur. Ki nuna mata. Ki ce wa Mansur na janye dokata, amma ya riƙa tambayar ƙanwarsa kafin ya sa ta, kuma ya bar ragon mutane ya huta.

Ƙanenki na yau kaɗai,
Ɗahiru

*

Tawa

Zuwa ga ƙanena Ɗahiru, na yau da na kullum,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, gero ya fito, Gwaggo har ta taka zuwa gona. Na yafe, amma takardar tana cikin akwati, duk wanda ya zo sai na nuna masa layin farko.

Bidiyon ya riga takardar zuwa, amma na hana Mansur nunawa sai da na ji daga gare ka. Jiya bayan la'asar na zaunar da ita bisa turminta, na miƙa mata wayar. Ta kalli mutum yana dariya yana dukan cinya cikin hayaƙin kifi. Ka san me ta yi maka? Kallon Nusaiba. Na gaskiya, ba na bidiyo ba.

Ta ce, "Wane ne wannan?"

Mansur ya ce, "Baba ne mana."

Ta ce, "Ba shi ba ne."

Na ce ta sake kallo. Ta sake. Da aka zo inda ka wage baki, sai ta sa yatsa ta tsai da hoton, ta matso da shi kusa da idonta. Wushiryarka take dubawa. Ta daɗe. Sannan ta kai yatsan bakinta, ta taɓa tsakanin haƙoranta na gaba, waɗanda suka fito mata bara. Ɗahiru, ni kaina ban taɓa haɗa su ba, tata da taka kamar an auna. Ta ce a hankali, "Irin tawa ce da shi." Daga nan dariya ta zo, irin ta kwanciya ƙasa, har tsohuwar bayan katanga ta aiko.

Mansur ya ɗauka da wayar Hasan, kuma wannan karon ta ga wayar ba ta fasa ba. Ya ce in aka sa wanga a intanet Tawa za ta tashi. Ta ce a'a, wannan na Baba ne shi kaɗai. Yana wayar Souleyman yanzu, ka je ka gani.

Shi kuma Mansur, da na karanta masa inda ka yi maganar kirari, ya ce Isufu ya koya masa, sai ya tashi wai zai ba rago ruwa, ya daɗe bai dawo ba.

Saura abu ɗaya. Da safen nan tana sa takalmin lakwal ta ce, "Gwaggo, ba ki gaya mini ba har yanzu. Ya gane ni a na farkon?" Na ce wannan ubanki zai amsa. Ta ce, "To yaushe zai zo ya yi dariyar a nan?" Na ce wannan ma shi.

Yayarka,
Hajara

*

Abijan

Hajara,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Na gani. Souleyman ya ce in na ƙara cewa ya kunna mini, sai in sayi tawa wayar.

Na yi magana da wanda zai riƙe mini rumfa. In Allah ya yarda da kaka ina tafe, kafin a gama ɗaurin gero. Ba ɗaukar kowa zan zo yi ba, ki kwantar da hankalinki, ki dai tanadi tuwo.

Wannan layin ki ba Nusaiba ta karanta da kanta, tunda kin ce ba allon da ke wuce ta.

Nusaiba, na gane ki tun a na farko, tun kafin a faɗi sunanki. Dabararki ta yi. Yanzu ki huta. Ranar da za ki zo tasha tarbata, ki zo da fuskar da kika ga dama, zan gane ki.

Babanki,
Ɗahiru